Wa Ke Shayar da Lambu a Watan Afrilu?

Duk wanda ya bi hanyar da ta ratsa Anka da Daki Takwas ta shiga Gummi a watan Janairu, sannan ya sake bin ta a tsakiyar Afrilu, zai rantse ba fadama ɗaya ya gani ba. A Janairu bakin gulbi kore ne shar: albasa ta yi sahu, tumatir ya fara nuna, tattasai da latas da kabeji suna shan sanyin hunturu. A Afrilu kuwa yawancin filayen nan sun koma tsagaggiyar ƙasa, awaki na yawo a kansu. Sai 'yan tsibirai na kore jefi-jefi, inda wani injin ban ruwa ke ta ƙugi tun kafin a idar da sallar asuba. Waɗannan tsibiran su ne zancena.

Mun saba furta "noman rani" a dunƙule, kamar daga ɗaukewar ruwa a Oktoba har zuwa saukarsa a ƙarshen Mayu ko Yuni abu ɗaya ne. Manomi ya san rani hawa biyu ne. Akwai ɗari, daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da dare ke sanyi. Shi albasa da alkama da karas da tumatir ke so. Sai bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a wannan yanki kan haura digiri 40 da rana, dare kuma ya kwana da ɗumi kamar ɗakin da aka yi tuyar masa. Lambun ɗari da lambun bazara sunansu ɗaya, amma shukarsu daban, lissafinsu daban. Na ɗari magidanci da 'ya'yansa za su iya riƙe shi. Na bazara, a ganina, ya fi ƙarfin gida ɗaya.

A fara da tumatir, tunda shi ke fara ba da kunya. Zafi ba ya kashe shi nan take. Sai ka ga ganye lafiya lau, ya yi fure, furen ya bushe ya kakkaɓe ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Garin da ke cikin furen, wanda da shi ake samun 'ya'ya, shi ne ke lalacewa idan zafin rana ya wuce wajen digiri 35, ko dare ya ƙi yin sanyi. Wanda ya samu ya ɗaura kuma rana ta ƙone masa gefe. Shi ya sa kwandon da ake roƙon mai saye da shi a Fabrairu yake komawa sai wane da wane a Mayu da Yuni. Ga kuma tsutsar da manoma suka raɗa wa suna sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Ita ma zafi ke hanzarta hayayyafarta. Mai dasa tumatir a Maris caca yake yi, kuma ya sani.

Abin da ke jure bazara shi ne abin miyarmu na asali: kuɓewa, yakuwa wadda a nan aka fi kira sure, rama, lalo, alayyafo, gauta, kabewa. Sai kankana da gurji da masarar gashi. Ba su da kwarjinin albasa a wurin 'yan kasuwa, amma suna da sauri. Alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu an fara yanka, kuɓewa wata biyu ba ta cika ba an fara tsinka, kuma kullum sai an tsinka. Kuɗin cefane ne na yau da gobe, a daidai lokacin da rumbu ya fara ja da baya. Shekarun 2023 da 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin bazara, kankana da kokwamba suka yi kasuwa wajen buɗa-baki, amma masu ban ruwa sun ji a jikinsu: jan tiyo da ƙishirwa a bakin ruwan da ba ka da ikon kurɓa. Da yake watan yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, kasuwar azumi ta kama hanyar komawa cikin ɗari, kuma mai lura zai gyara ranar shukarsa.

Yanzu ruwa. A tsakiyar bazara rana da iska suna iya ɗauke lita bakwai zuwa takwas daga kowace murabba'in mita ta lambu a yini guda. 'Yar garka mai mita goma tsawo, mita goma faɗi, tana neman kusan lita 800 ke nan kullum, wato jarka 32 irin mai lita 25. Hekta guda kuwa lita dubu 80. Kuma ba a fashi: kwana biyu babu ruwa, alayyafo ya kwanta, kuɓewa ta zubar da fure. Akwai dabarun rage wannan nauyi, duk manoma sun san su. A shayar da sassafe ko da la'asar sakaliya. A yi wa wurin rainon iri rumfar kara. A cika fangali da takin gida domin ƙasa ta riƙe laima. A lulluɓe gindin shuka da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, sai dai a nan gara na jira, kuma ciyawar da za ka shimfiɗa a ƙasa ita ce ragonka ke kuka dominta. Dabarun suna ragewa, ba sa maye gurbin rijiya.

Kakanninmu da jigo suka yi wannan aiki, sanda mai nauyi a baya da guga a gaba, mutum na ɗebowa daga gulbi yana zubawa a kwalbatin ƙasa. Jigo ba ya shan mai, amma iyakarsa 'yar garka. Abin da ya sauya fuskar fadamun arewa shi ne ƙaramin injin fetur da rijiyar bututu da ake nutsawa cikin yashin fadama, waɗanda ayyukan raya noma na Bankin Duniya suka yaɗa tun shekarun 1980, sannan shirin Fadama na farko ya ƙara bazawa a shekarun 1990. Sai dai injin nan zuƙo ruwa yake yi, kuma komai ƙarfinsa ba ya zuƙo abin da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas. Ba laifin kamfani ba ne, iyakar nauyin iska ke nan. A Janairu ruwan ƙasa yana kusa. Zuwa Afrilu ya nutse, sai ka ga an haƙa rami an saukar da injin ciki yana bin ruwan, ko an gangara tsakiyar gulbi ana tonon yashi. Idan rijiyoyi goma suna zuƙa daga wuri ɗaya a sa'a ɗaya, na gefe ne ke fara jin bututunsa na shaƙar iska.

Ƙasar ma ba ɗaya ba ce. Gulbin Zamfara yana ƙara buɗewa yayin da yake gangarawa yamma, saboda haka wajen Gummi, inda ƙasar ta fara shiga kwarin Sakkwato mai yashi da laka, fadama ta fi faɗi, ruwa ya fi sauƙin samu. Anka da sassa da dama na Bukkuyum suna zaune ne a kan tsohon dutse, irin wanda zinare ke ciki; da ka bar bakin gulbi ko rafi, rijiya sai da sa'a. Shawarar da ta yi wa manomin Gummi daidai tana iya jefa na Bagega ta ƙasar Anka cikin asara.

Sai mai. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000, a ƙauye kuma sai abin da mai bumburutu ya ce. Wasu suka juya injinansu zuwa tukunyar gas. Wasu suka koma sola, wadda kamar don bazara aka yi ta, tunda ranar da ke busar da fangali ita ce ke juya famfon. Amma kuɗin sayenta a dunƙule ake biya, kuma farantan da aka bari a fadama da dare ba lallai a tarar da su da safe ba. Mutanen Zamfara sun ma ɗanɗani rashin mai tun kafin tsadarsa: a matakan tsaro na Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. An yi dokar ne domin baburan 'yan bindiga, amma injin ban ruwa ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa.

A tara waɗannan wuri ɗaya, za a ga me ya sa tsibiran koren Afrilu galibi ba na mutum ɗaya ba ne. Mutum takwas ko goma sha biyu masu maƙwabtaka da fili, inji ɗaya ko biyu, tiyo na kowa. Aikin ƙungiyar na farko shi ne layi: wane da asuba, wane da hantsi, wane gobe. Za ka ji saurayi ya tsaya a kan kunya yana tambaya, "Baba, yau ruwan wa ne?" kuma amsar dattijon ita ce doka, domin in babu ita faɗa ne. Na biyu asusu: kowa ya zuba wani abu ranar kasuwa, saboda ranar da inji ya tsaya ba a jiran a yi taro; makanike yau ake nemansa. Na uku shinge, tunda bayan kaka dabbobi a sake suke, kuma zagaye fili ɗaya babba da ƙaya ya fi arha a kan zagaye goma ƙanana.

Akwai kuma ayyukan da ba kowace ƙungiya ke kaiwa gare su ba, kuma a nan ake gane wadda ta nuna. Ɗaya shi ne rarraba ranar shuka. Idan kowa ya shuka kuɓewa mako ɗaya, kowa zai kai kasuwa mako ɗaya, dillali ya yi dariya. In an jera, mako bayan mako, farashi ya zauna, ruwa ma ya huta. Ɗayan shi ne feshi. Farin ƙuda da darɓa da jan gizo-gizon ganye suna son zafi da bushewa, kuma ba su san iyakar gona ba. Ka fesa yau, maƙwabcinka bai fesa ba, jibi sun dawo. Ina da ƙorafi a nan: ganyen da za a yanka gobe ana yi masa feshin maganin da aka yi domin auduga, a sayar wa mai miya. Jiƙon 'ya'yan dogonyaro yana maganin da yawa daga cikin ƙwarin nan, itacen kuma ga shi a kowace ƙofar gida. Abin da mutum ɗaya ke jin kunyar faɗa wa maƙwabcinsa, ƙungiya tana iya mayar da shi ƙa'ida.

Sai dai suna ƙungiya ya yi arha. Shirin Fadama na uku, wanda ya game dukan jihohin ƙasar daga 2008, ya shar­ɗanta cewa sai manoma sun haɗu rukuni-rukuni, sun yi rajista, sun buɗe asusun banki, sun tara wani kaso, kafin a ba su inji ko rijiya. Manufar mai kyau ce, wasu rukunan kuma sun amfana ƙwarai. Amma kowa a arewa ya san irin ƙungiyar da ake haifa ranar da aka ji labarin rabon kaya, mai shugaba da sakatare da hatimi, wadda rabin mutanenta ba su taɓa riƙe tiyo ba. Ranar da kaya suka ƙare ita ma ta ƙare. Wadda ke ɗorewa ita ce wadda ta tsiro daga abin da mutane suka riga suka iya: gayya, adashi, da jin nauyin wanda za ku haɗu a masallaci da magariba. Takarda tana da amfani idan ta zo daga baya.

Manoman wannan yanki suna da dalilin ɗari-ɗari da ruwan da aka tsara daga sama. Dam ɗin Bakolori, can wajen Talata Mafara a kan Gulbin Sakkwato, an kammala shi a 1978 da alƙawarin shayar da dubban kadada. A Afrilun 1980 manoman da ke neman diyyar gonakinsu suka tare hanya, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Fadamun da ke ƙasan dam ɗin kuma suka rasa ambaliyar da ke ciyar da su. Abin lura, gyaran da aka yi wa Bakolori a 'yan shekarun nan shi ma a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa aka jingina shi.

Fadama kuwa ba ta mai lambu kaɗai ba ce, kuma gara a faɗi wannan ba kwana-kwana. A bazara ita ce ciyawa ta ƙarshe da ruwa na ƙarshe ga makiyayi. Duk shingen da aka ja har bakin ruwa ba tare da an bar mashaya da burtali ba, an shuka rigima tare da kankana. Masu tsara shirin Fadama da kansu sun gane haka bayan zagayen farko, shi ya sa a na biyu suka shigo da makiyaya da masunta cikin tsarin. Rikicin Zamfara ya riga ya wuce batun shanu da gona, amma ƙungiyar da ta zauna da ardo kafin ta kafa ƙaya ta rage wa kanta ƙofa ɗaya ta fitina.

Maganar tsaro ba ta buƙatar dogon bayani ga mutumin Anka ko Bukkuyum, wanda ya ga kisan da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukansu a farkon Janairun 2022, ya kuma san harajin da suke ɗora wa garuruwa kafin a bar su su yi noma ko girbi. Abin da ya shafi zancenmu shi ne lambu ya fi gonar damina rauni. Gero yana iya haƙuri mako biyu ba ka leƙa shi ba. Alayyafo ba ya haƙurin kwana uku. Don haka fadama mai nisa da gari, komai kyan ƙasarta, ta fita daga lissafi, jama'a suka cunkushe a ɗan abin da ke kusa, ga 'yan gudun hijira da suka cika garin Anka su ma manoma ne da ba su da fili. Aron fili, rabon ruwa, tafiya a ayari da dawowa kafin duhu: babu ɗaya da mutum ke shiryawa shi kaɗai.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan yanki, wanda duk mai wa'azin "kowa ya yi lambu a bayan gidansa" ya kamata ya sani kafin ya buɗe baki. A Maris ɗin 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, 'Yar Galma, Tungar Guru, daga baya Bagega. Dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wuraren da aka auna, dalmar ta kai kashi 10 cikin 100 na ƙasar da aka ɗiba. An kankare saman ƙasa a gidaje an zuba sabuwa. Bagega sai 2013 aka kai gare ta, bayan an yi ta matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi.

Dalma ba ta ruɓewa. Ba ta da wari, ba ta hana shuka yin kore. Hanyar da ta fi bi zuwa cikin tukunya ita ce ƙurar da ke manne wa ganye da saiwa, da hannun yaron da ke wasa a fangali, bazara kuwa lokacin ƙura ce. Saboda haka a garin da aka taɓa niƙa dutse, tambayar farko ba wane iri za a shuka ba ce. Daga ina aka ɗebo ƙasar, kuma kududdufin da ake jan ruwa an taɓa wanke dutse a cikinsa? Gwajin ƙasa sai da na'ura, kuma hukuma ta fi sauraron takardar mutum talatin a kan koken mutum ɗaya. Amma tun kafin na'ura, tsofaffin unguwa sun san gidan da injin niƙa ya zauna da ramin da aka zubar da dusar dutse. Wannan sanin ya kamata ya zama shafin farko a littafin kowace ƙungiyar lambu a wuraren nan.

Inda ƙasa ke da tsabta, lambun cikin gida na mata shi ne wanda aka fi rainawa kuma ya fi shiga cikin yaro kai tsaye: zogale biyu a bayan ɗaki, sure da alayyafo a tsofaffin buhuna da fasassun robobi, ana shayar da su da ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi. A yankin da asibitocin Gummi da Anka ke karɓar yara masu tamowa duk shekara, kwaɗon zogale da ƙuli ba ƙaramin abu ba ne. Matan ba sa buƙatar a koya musu tsari. Adashin da suke yi na biki shi ne zai sayi iri, 'yan mata su kai ganye kasuwa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ɗaukar noman lambu da muhimmanci: bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da noman rani aikin ƙasa, aka haƙa rijiyoyin lambu a ƙauyuka, kuma har yau albasar Galmi tana cike manyan motoci zuwa Abidjan da Akara.

Abin da aka girbe ma bazara ba ta ƙyale shi. Ganyen da aka yanka da safe ya yi laushi kafin azahar. Busar da tumatir a yi kauɗa, da yanka kuɓewa a shanya, tsohuwar amsa ce, in dai ba a kan kwalta ko tsirarar ƙasa aka baza ba. Akwai kuma dabarar da Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa har ta ba shi kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa ne ke janye zafi, saboda haka ta fi aiki a Maris, lokacin da iska ke bushe ƙarau, ta rage ƙarfi a Mayu idan gumi ya shigo.

Gumin nan shi ne sallamar lambun bazara. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, hankalin kowa ya koma tudu, ana gyaran gona ana neman irin gero. Sai a ciro bututu, a wanke inji a kai ɗakin ma'aji, domin gulbin da aka tona yashinsa ana neman jarka guda shi ne zai dawo ya shafe wurin. Mutanen Gummi ba su manta da ambaliyar Agustan 2024 ba, da kwalekwalen manoma da ya kife wata guda bayanta. Kafin a watse akan zauna a gindin itace a buɗe littafi: nawa aka sha na mai, wa bai biya ba, nawa ya rage. Wasu su ce a raba, kowa na neman kuɗin taki. Ma'aji kuma ya ce a bar na gyaran inji, domin Oktoba ba nisa.